Ranar da Almu Ya Sallama Wule

Duk wanda ya san karar shanu ta Sabon Birni ya san Almu dillali. Ko bai san sunansa ba, ya san tsayuwarsa: gajeren Bagobiri mai tsage har kunne, hannu ɗaya a baya, ido kuma ba a kan dabba ba, a kan mai ita. Yakan ce shanu ba su da wuyar sani, ka duba haƙori, ka taɓa tozo, ka gama. Mutane ne aiki. A cikin mutanen da ya yi wa dillanci kuwa, babu wanda ya ba shi aiki kamar Labbo, kuma babu wanda yake ƙauna kamarsa.

Labbo Bafulatani ne na wata ruga arewa da Burkusuma, yana noma yana kiwo. Tun suna samari yake kawo wa Almu bisashe, har gemu ya yi musu fari tare. Abin da ya sa cinikinsa ya yi wuya shi ne, bakin Labbo bai iya cewa a'a ba. Haka aka tashe shi. A wurinsa, mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya nuna ransa na kan dabba, ko ya nuna yunwa ce ta koro shi, abin kunya ne da ya fi tafiya ba wando. Saboda haka ko nawa aka taya, ko tayin arziki ko na wulaƙanci, amsarsa ɗaya ce, a hankali, ido a ƙasa:

"Yadda kag gani, Almu."

Sabon dillali zai ji wannan ya sallama, ya yi ɓarna. Almu ba ya sauraren bakin. Hannu yake kallo. In tayi ya yi wa Labbo, sai ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya rataya hannuwa biyu a kanta, ya juya yana kallon can wajen masu tumaki kamar ba da shi ake ba. In kuwa ransa bai saki ba, hannunsa ba ya barin jikin dabbar. Zai yi ta shafa wuyanta, yana neman kaskar da babu ita. Da Almu ya ga haka sai ya murtuke, ya ce wa mai saye albarka, ya ƙara da faɗa na ƙarya, wai an raina masa kaya. Mai saye ya tafi yana zagin taurin kan dillali, Labbo kuma ya koma gida da dabbarsa da mutuncinsa, ba tare da ya ce wa kowa a'a ba.

Akwai saniya ɗaya da wannan wasa ya fi yawa a kanta. Wule ke nan, ja mai farin goshi, wadda uwarta da kakarta da kakar kakarta duk a garken gidansu Labbo aka haife su. In shekara ta yi tsanani, rumbu ya yi ƙasa, mutanen gida suka matsa masa, sai ya koro ta kasuwa don kada a ce ya fi son saniya da iyalinsa. Ya tsaya hannunsa a wuyanta, Almu ya kori masu saye, da la'asar ya koma ya ce wa matarsa Adda kasuwa ba ta yi ba. Adda ba yarinya ba ce, ta san komai. Amma ita ma ta samu abin da za ta gaya wa surukanta, sai a sayar da tinkiya a rufe maganar.

To, sai ga shekarun nan da damina ta yi ta yaudarar mutane. Ta farko ta ɗauke gero bai yi ciki ba. Ta biyu ta zo a makare, ta tafi da wuri, aka bar manoma da kara a tsaye. Kafin bazara ta kai tsakiya, karan da a da ake ƙonawa a gona ya zama abin ɗaurewa a kai kasuwa. An sassare rassan itatuwa har ba inuwar kirki a daji. Shanu suka yi ta kwararowa daga Nijar, ƙashi da fata, wasu sai an ɗaga su da wutsiya kafin su miƙe. Karar shanu ta cika ta batse, amma ba irin cikar da ke faranta rai ba ce. Almu yakan tsaya ya ga makiyayan da ya sani da garke guda sun zo da igiya ɗaya, sai ya kau da kai don kada su ga ya gani.

A daidai lokacin ne kuma waya ta mamaye kasuwa. Fataken Kudu da a da suke zuwa da kansu, su kwana a zaure, su ci tuwo, su taɓa dabba da hannunsu, suka daina wahalar hanya. Suna can a zaune, su kira dillali, ya kwatanta musu, su taya, a loda a mota. Almu ya yi ta ƙorafi cewa wannan ba ciniki ba ne, cinikin makafi ne. Ƙorafin bai hana shi mallakar waya biyu ba, ɗaya ma an ɗaure ta da roba, kuma in suka yi ƙara tare sai ya rikice ya kanga wadda ba ita ba a kunne.

Ran wata kasuwa da hantsi, yana tsaye yana goge zufa, sai ya hango jar saniya mai farin goshi ana jawo ta. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma tafiyarta ba ta canza ba, kai a sama. Ya duba bayanta yana neman dogon tsohon da ya saba gani. Babu shi. Atiku ne ke riƙe da igiya, babban ɗan Labbo, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda shi ma yunwar ta zabge masa kumatu.

Suka gaisa. Almu ya tambayi gida, ya tambayi bisashe, ya tambayi zafi, sannan ya ce:

"Ina Labbo?"

"Ciwon ƙahwa shika yi, Baba Almu. Ta kumbura tun daga gwiwa, ko masallaci ba shi kaiwa. Shi yac ce in kawo maka ita."

"Shi yac ce, ko ku kunka ce?"

Atiku ba mutumin banza ba ne, kuma bai saba ƙarya ba.

"Mu munka ce, shi kau bai hana ba. Baba, rumbu ba kome sai ƙasa. Ɗiyana ƙanana dusa suka ci, wadda munka aje ma bisashe. Sauran shanun sun mace, wasu mun saida. Ita ɗai ta rage mace, sai 'yan maruƙa. In ta ƙara wata guda ga halin ga, ko mahauci ba shi duba ta."

Almu ya dafa tozon Wule, ya ji ya saki kamar tsohuwar jaka. Gaskiya Atiku ya faɗa. Amma kuma in ta tafi, garken Labbo ya ƙare ke nan, domin maruƙa maza ba sa haihuwa. Ko ruwa ya dawo, ko ciyawa ta kai ƙugu, babu abin da zai sake tayar da gidan. Wannan shi ne abin da ke gabansa, kuma mutumin da ya kamata ya kalla ya san amsa yana can kwance bayan Burkusuma.

Wayar mai roba ta yi ƙara. Alhaji Rasaki ne daga Ibadan, wanda motarsa ke bakin kara ana loda masa, direbansa Na'Allah na ta kai da komo yana cewa rana na yi.

"Bagobiri bawana," in ji Alhajin da Hausarsa mai lanƙwasa, "mota ta kusa cika, saura wuri kaɗan. Ba ka da wani abu mai kyau?"

A wata rana da Almu ya rama, domin tsakanin Bagobiri da Bayarabe ba a barin bashin tsiya. Ranar bai da ƙarfin wasa. Ya kwatanta masa saniyar yadda take, bai ƙara ba bai rage ba. Alhajin ya taya. Kuma tayin, a irin wannan shekara da ake ba da saniya a kan abin da bai kai buhunan hatsi na kirki ba, tayi ne mai kyau. Atiku na jin haka ya matso kusa.

"Dakata, Alhaji," in ji Almu. "Sai na ji mai ita."

Labbo ba shi da waya, bai ma yarda da ita ba. Amma Atiku ya ce ya bar Lawwali ɗan kabu-kabu da baburinsa a rugar, ya kai wa mata dusa, kuma akwai ɗan tudu a bakin makwancin shanu inda sabis ke kamawa in an yi sa'a. Almu ya kira Lawwali da ɗaya wayar. Aka ce a jira a fito da tsoho. Ya tsaya cikin rana waya a kunne, yana jin hayaniyar mata da kukan yara daga can, har muryar da ya sani ta fito, siririya, kamar daga cikin rijiya.

Suka gaisa doguwar gaisuwa, don Labbo ko gobara ake ba ya yanke gaisuwa. Sannan Almu ya faɗi tayin.

Shiru.

A nan ne Almu ya gane irin ramin da ya faɗa. Shirun Labbo ya san shi kala-kala. Akwai na yarda, akwai na ƙi, akwai na mutumin da ke lissafin buhu a zuci. Amma duk da ido yake rarrabe su. A waya shiru ɗaya ne, ba ka ma san na mutum ne ko na sabis ba. Ya ce, "Labbo, kana jiyata?" Sai muryar ta dawo a tsakiyar magana, rabi ta ɓace.

"...kag gani, Almu."

Almu ya rufe ido, wai ko zai hango shi. Sanda tana kafaɗa? Hannu yana ina? Wace sanda ma, mutumin da ba ya iya tsayuwa. Ya matsa gefe, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da suke tare: ya tambaye shi kai tsaye.

"Labbo, yau ban ganin ka. Hwaɗa min da bakinka. In sallama, ko in ce albarka?"

Tambaya ce ta rashin tausayi, ko da yake bai nufa ba. Yana jin muryar Adda kusa, yana jin jariri na kuka, yana jin surukai. Duk gidan na tsaye a kan tsohon, kuma Lawwali ya buɗe wayar yadda kowa ke ji. A gaban jikokin da suka kwana da dusa a ciki, wane baki Labbo zai buɗe ya ce a bar masa saniya?

Wayar mai roba ta fara ƙara a aljihu. Na'Allah direba ya iso yana buga makulli a tafin hannu. Atiku ya zuba masa ido, kuma idon ya fi magana ciwo.

"A sallama," in ji Labbo. "Allah shi sa albarka."

Muryar ba ta yi rawa ba. Almu ya saurara da kyau, bai ji komai a cikinta ba. Ya ce wa kansa ai shekarar ba irin sauran ba ce, ai Labbo mai hankali ne, ai ga shi ya faɗa da bakinsa. Duk gaskiya ne. Ya ɗaga ɗaya wayar ya ce wa Alhaji Rasaki an sallama.

Wule ba ta yi gardamar hawa mota ba. Ta taka katakon a hankali, ta shiga cikin baƙin shanu, aka ɗaure mata ƙaho a jikin ƙarfe. Atiku ya karɓi abin da aka ba shi, ya nufi layin masu hatsi ba tare da ya waiwaya ba. Almu ya ƙi karɓar la'ada. Motar ta tashi kafin azahar, Na'Allah ya ce zai tsaya a garin Isa ya ƙarasa lodi.

Da rana ta karkata, Almu na zaune a rumfar mai shayi, ga Lawwali ya sauke fasinja, ya zo neman ruwa. Mutum ne mai surutu, irin wanda ba sai an tambaye shi ba.

"Baba Almu, yau tsohonka ya ba ni aiki. Hannuna har ya gaji. Ni nar riƙa mai waya tun hwarko hal ƙarshe."

"Shi mi yas samu hannunai?"

"Yo ai bai da hannun amsa. Da munka aza shi bakin makwanci, sai yaj jawo jiki wurin turken sanuwag ga, Wule. Hannu biyu yar riƙe shi. Kuna magana shina shahwa tai, shina ɓanɓare ɓawon icce da akaihwa, kamar mai neman wani abu. Nac ce Baffa amshi waya, ko duba ta bai yi ba. Har nit taho shina nan riƙe da turke."

Lawwali ya kurɓi ruwansa, yana jiran a yi dariya. Almu ya ajiye kofin shayi a ƙasa a hankali. Ashe amsar tana nan. An ba da ita sarai, yadda aka saba ba da ita shekara da shekaru, a gaban mutumin da bai san karatunta ba. Shi da ya sani kuma yana nan yana manna kunne a roba.

"Tada babur," ya ce. "Isa za mu."

Hanyar ta yi masa tsawo. Gonaki fayau hagu da dama, gulbi ya zama rairayi, nan da can gawar dabba a gefen hanya ta bushe ko ungulu ta ƙi ta. Yana bayan Lawwali yana tsara abin da zai yi. Zai roƙi Alhaji Rasaki a warware ciniki, abin da dillali mai mutunci ba ya yi. Zai sayar da ragunansa ya mayar da kuɗin, tunda na Atiku sun riga sun zama gero. Yadda za a ciyar da saniyar har ruwa ya sauka, wannan bai sani ba, bai kuma bari tunaninsa ya kai can ba.

Suka iso Isa rana ta yi ja. A inda ake lodi babu komai sai kashin shanu da sawun taya. Ɗan kamasho ya ce mota ta cika da wuri, ta wuce tun la'asar, yanzu ta bar Shinkafi. Almu ya kira Alhaji Rasaki. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, bai yi tsiya ba wannan karon. Ya ce ya yi haƙuri, kayan ba nasa ba ne shi kaɗai, mahauta sun riga sun sa hannu, kuma motar da ta ɗauki hanya da shanu masu rauni ba a juyo da ita, in ba so ake rabi su mutu ba. Ya ba shi lambar Na'Allah, ko don ya ji lafiyarta.

Almu ya kwana a Isa wurin wani abokin sana'a. Da sassafe ya ce wa Lawwali su wuce Burkusuma. Zai iya aika saƙo, zai iya bari sai kasuwa ta zagayo. Amma ya ga saƙo ya isa haka nan.

Rugar ta yi tsit, irin tsit ɗin gidan da babu shanu. Hayaƙi na tashi a bayan bukkoki, ana jin daka, karon farko ke nan bayan an daɗe ba a ji ba. Yara sun kewaye turmi. Almu ya ga wannan ma, kuma bai san ko ya ji sanyi ko ya ji zafi ba. Adda ta fito ta yi masa maraba, ta nuna masa inda tsohon yake da haɓa.

Labbo na zaune a kan buzu a bakin makwancin shanu, ƙafar a miƙe an shafe ta da magani. Ya rame ƙwarai. Ya miƙo hannu biyu, suka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, ya yi godiya a kan ciniki, ya ce ya ji an yi tayi na mutunci. Almu ya zauna a ƙasa kusa da shi. Duk maganar da ya tsara a hanya ta gudu.

"Labbo," ya ce, "ban gane ka ba jiya."

"Ka tambaye ni, ni kau na ba ka amsa."

"Ban ga hannunka ba."

Labbo ya dubi hannuwan nasa kamar na wani. Gefen farcen babban yatsa ya tsage, jini ya bushe a wurin. Ya mayar da su ƙarƙashin riga.

"Yara sun ci tuwo," ya ce. "Ba ka yi laihi ba."

Da Labbo ya zage shi da ya fi wa Almu sauƙi. Suka zauna, babu mai kallon wani. Can Almu, don dai ya samu abin yi, ya ciro waya ya ce yana da lambar direba, ko a tambaya a ji ta kwana lafiya. Bai zaci Labbo zai kula ba. Sai ya ga tsohon ya ɗago kai.

Sabis ya yi ta wasa da su kafin kira ya shiga. Na'Allah ya ɗauka cikin ƙarar injin da hayaniya. Ya ce sun wuce Kwantagora, suna tsaye a wani shinge ana duba takardu. Ja mai farin goshi? Tana nan a tsaye, ba ta faɗi ba, biyu dai sun faɗi cikin dare amma ba ita ba. Almu ya maimaita wa Labbo. Sai Labbo ya ce, a hankali, kamar mai roƙon abin da ya fi ƙarfinsa:

"Shina iya kai abin ga kusa da ita?"

Almu ya roƙi direban. Na'Allah ya yi ɗan gunaguni, ya ce shi ya ga abubuwa a hanya amma bai taɓa kai wa saniya waya ba. Duk da haka aka ji yana taka ƙarfen mota, yana haki, yana cewa wani ya matsa. Sannan ya ce to, ga ta nan.

A karon farko a rayuwarsa Labbo ya karɓi waya da hannunsa. Ya riƙe ta nesa da baki, a karkace. Ya gyara murya, ya yi kiran da yake yi kowace safiya tun tana maraƙa, dogon kira mai lanƙwasa a ƙarshe, da sunanta a ciki. Dakan da ake yi a bayan bukka ya tsaya.

Ba a ji komai ba sai injin da kofato a kan katako. Ya sake kira. Sai ga shi, daga cikin 'yar robar nan, kuka ya fito, gajere, a shaƙe, ya ɗan ja ya yanke. Adda da ke tsaye nesa ta sa gefen mayafi a baki ta koma ciki.

Labbo ya saurara kansa a sunkuye. Ya miƙa wa Almu wayar.

"Ƙishirwa ta ka ji," ya ce. "Tun jiya ba ta sha ba. Ce mai shi ba ta ruwa."

Almu ya kanga waya a kunne ya faɗa. Na'Allah ya sauko, muryarsa ta dawo kusa. Bai yi faɗa ba, ya dai faɗi abin da yake. Ya ce Baba ai ka san aikin. Ina ruwa a nan? Ko akwai, ba a sauke shanu a hanya, in an sauke irin waɗannan ba sa sake hawa. Sai an isa, gobe in Allah ya yarda, kuma daga mota mayanka za a wuce da su. Ga shi an ba su hannu, zai tashi. Layin ya yanke.

Almu ya riƙe wayar a kunne bayan ta mutu, yana gyaɗa kai kamar har yanzu ana magana. Sannan ya sauke ta, ya sa a aljihu, ya gyara zama.

"Ya ce za shi ba ta. Da sun kai gari na gaba."

Labbo ya dube shi. Ba doguwar duba ba ce, daga fuska zuwa hannun da ke ta murza bakin aljihu, ya dawo. Almu ya daɗe yana alfaharin ya iya karanta Labbo. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa duk shekarun nan shi ma ana karanta shi.

"Madalla," in ji Labbo. "Allah shi saka mai da alheri."

Rana ta ɗaga, zafi ya fara sauka. Adda ta fito da ƙwarya cike da ruwa, idonta ja, ta durƙusa ta miƙa wa mijinta, ta ce tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Labbo ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon ruwan, leɓɓansa a bushe sun tsattsage. Sannan ya juya ya miƙa wa Almu.

"Sha, kai ka tahiya cikin rana," ya ce. "Ni sai gobe, in sun isa."